Albaniyawan Kwarin Preshevo da Sunayen da Ake Sharewa daga Rajista

A can ƙarshen kudancin ƙasar Sabiya, inda iyakarta ta haɗu da ta Kosovo da ta Masedoniya ta Arewa, akwai gundumomi uku da ake haɗawa a kira su Kwarin Preshevo, wato Preshevo da Buyanovats da Medveja. A nan ne mafi yawan Albaniyawan Sabiya suke zaune. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa yawansu a ƙasar baki ɗaya 61,687 ne, wato ba su cika kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, kuma ba su kai sulusin mutanen da aka ƙidaya a birninmu na Damagaram a 2012 ba. A Preshevo sun haura kashi 90 cikin 100 na mazauna, a Buyanovats sun ɗara rabi, a Medveja kuwa su ne ƴan tsiraru. Shekaru da dama ke nan ba a jin ƙarar bindiga a kwarin, shi ya sa ba kasafai sunansa yake fitowa a labaran rediyo ba. Amma halin da mutanen wurin suke ciki ya tsaya mini a rai, domin ya nuna cewa ana iya raba mutum da ƙasarsa ba tare da an kore shi daga gidansa ba, ta hanyar ofis da rajista da hatimi kawai.

Asalin lamarin yana komawa ga yadda aka shata iyakoki. Bayan ƙarnuka a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, Ismail Kemali ya yi shelar ƴancin Albaniya a garin Vlora ranar 28 ga Nuwamba 1912, sannan manyan ƙasashen Turai suka zauna a Landan a 1913 suka zana wa sabuwar ƙasar iyaka, iyakar da ta bar kaso mai yawa na masu magana da harshen a wajenta, a hannun Sabiya da Montenegiro da Girka. Tun kafin nan ma, a yaƙin 1877 zuwa 1878, an kori dubban Albaniyawa daga yankunan Nish da Toplitsa, suka kwarara zuwa Kosovo. Mu mutanen Damagaram ba ma bukatar dogon bayani a kan iyakar da baƙo ya shata, tunda yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 ne suka raba mu da Daura da Kano. Bambancin shi ne Hausawa sun kasance masu yawa a ɓangarorin biyu, su kuwa Albaniyawan da suka faɗo a wajen Albaniya sun wayi gari ƴan tsiraru a ƙasashen da aka gina da sunan wasu ƙabilu.

A zamanin Yugoslabiya, tarayyar da Sabiya da Kosovo suke cikinta tare, mutanen kwarin ba su ji zafin layin da ya raba su da Kosovo sosai ba, domin layi ne na cikin gida. Suna cin kasuwar Jilan da ke Kosovo, suna aure daga can, ƴaƴansu kuma suna karatu a jami'ar Prishtina, babban birnin Kosovo, da aka buɗe a 1970 wadda take koyarwa da harshensu. Abubuwa sun fara lalacewa ne a 1989, lokacin da gwamnatin Slobodan Miloshevic ta soke ƴancin cin gashin kan Kosovo. A watan Maris na 1992 Albaniyawan gundumomin uku suka shirya ƙuri'ar raba gardama da kansu suna neman ƴancin tafiyar da harkokinsu tare da damar haɗewa da Kosovo, amma gwamnatin Sabiya a Belgired ba ta amince da ita ba. Bayan yaƙin Kosovo da hare-haren jiragen NATO na kwana 78 a 1999, yarjejeniyar Kumanovo ta keɓe wani zirin ƙasa mai faɗin kilomita 5 a gefen iyaka inda aka hana sojan Yugoslabiya shiga, kuma a cikin wannan ziri ne wata ƙungiyar Albaniyawa masu ɗauke da makamai ta kafu ta yi ta fafatawa da ƴan sandan Sabiya. A watan Mayu na 2001 aka kawo ƙarshen rikicin da yarjejeniyar ƙauyen Konchul, mayaƙan suka ajiye makamai, gwamnati kuma, ta bakin mataimakin firaminista Neboisha Chovich, ta yi alkawarin shigar da Albaniyawa cikin ma'aikatun hukuma, da rage jibge jami'an tsaro, da raya tattalin arzikin yankin. An kafa rundunar ƴan sanda ta haɗin ƙabilu, wadda ita ce abin da aka fi gani a ƙasa. An sake ƙulla wasu alkawura a 2009 da 2013, kuma sake ƙulla su da aka yi ya isa shaida cewa na farko ba su cika ba. A 2009 ɗin ne ma aka buɗe wani babban sansanin soja kusa da Buyanovats, a yankin da jama'a suke jiran masana'antu.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi damuna. A 2011 majalisar Sabiya ta zartar da dokar mazaunin ƴan ƙasa, wadda sashe na 18 nata ya ba ƴan sanda ikon bincikar ko mutum yana zaune da gaske a adireshin da ya yi rajista da shi. Idan suka yanke cewa ba ya nan, sai su dakatar da adireshin, a ba shi kwana 8 ya sanar da inda yake zaune. Wanda ya karanta dokar a takarda ba zai ga aibinta ba, domin kowace gwamnati tana da haƙƙin sanin inda ƴan ƙasarta suke. Sai dai a Sabiya komai na ɗan ƙasa a rataye yake da wannan adireshi. Wanda aka dakatar da nasa ba zai sabunta katin shaidar ɗan ƙasa ba, ba zai sabunta fasfo ba, ba zai yi wa motarsa rajista ba, inshorar lafiyarsa za ta tsaya, tallafin da hukuma take ba marasa ƙarfi zai yanke, kuma sunansa zai fita daga jerin masu zaɓe na gundumarsa. Ba a ƙwace masa ƴancin zama ɗan ƙasa ba, amma an ɗauke duk abin da wannan ƴanci yake amfana masa.

Yadda abin yake gudana, bisa ga abin da masu bincike da waɗanda ya shafa suka bayyana, ya fi dokar kanta muni. Ɗan sanda yakan zo ƙauye da rana tsaka ya ƙwanƙwasa ƙofa. Maigida yana wurin aikin gini a Jilan ko a Belgired, ko kuwa yana Suwizalan na wasu watanni, matarsa ta kai ziyara gidan ƴarta, sai a rubuta cewa ba a samu kowa ba. Gidan yana nan, gonar tana nan, kaburburan iyayensa suna bayan ƙauyen, yana ma biyan harajin gidan da kuɗin wutar lantarki. Da yawa daga cikinsu ba a taɓa miƙa musu takardar hukuncin ba, saboda haka ba su san an yi ba, balle su ɗaukaka ƙara a cikin wa'adin da doka ta tanada. Mutum yakan gano ne ranar da ya je ofis sabunta katinsa, ma'aikaci ya duba kwamfuta ya ce masa ba shi da mazauni a wannan gunduma, ko kuma ranar zaɓe idan ya nemi sunansa a jeri ya rasa. Waɗanda suke aiki a Kosovo sun fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin ko da yake Kosovo ta yi shelar ƴancinta a 2008, Sabiya ba ta ɗauke ta a matsayin ƙasar waje ba, don haka ba za su yi rajista a matsayin mazauna ƙetare ba, ita kuma Kosovo ba ta ba su takardun zama ɗan ƙasa cikin sauƙi. Akwai waɗanda suka ƙare ba su da ingantaccen kati na ko wace ƙasa.

A 2021 Kwamitin Helsinki na Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Sabiya, ƙungiyar da mazauninta yake Belgired, ya fitar da rahoto inda ya bayyana wannan aiki a matsayin wani nau'i na share ƙabila ta hanyar aikin ofis. Yana da muhimmanci a lura cewa ƴan Sabiya ne da kansu suka faɗi wannan magana mai nauyi. Wata mai bincike, Flora Ferati-Sachsenmaier, ta ƙiyasta cewa waɗanda aka dakatar da adireshinsu a Medveja kaɗai sun haura 4,000, shugabannin Albaniyawan yankin kuma suna ambaton fiye da mutum 6,000 a kwarin baki ɗaya. Majalisar Tarayyar Turai ta nemi a gudanar da bincike mai zaman kansa. Alkaluman ƙidaya ma suna da abin faɗa: a 2002 Albaniyawa sun kai kusan kashi 26 cikin 100 na mutanen Medveja, a 2022 kuwa ba su cika mutum 1,000 ba. Amsar gwamnatin Sabiya ita ce doka ɗaya ce ga kowa, ana dakatar da adireshin Sabiyawa ma a wasu garuruwa, kuma mutanen da ake magana a kansu sun bar yankin tun da daɗewa. Akwai gaskiya a cikin wannan amsa, domin lallai da yawa sun tashi tun lokacin yaƙin 1999. Amma ban gamsu da ita ba, saboda kudanci da gabashin Sabiya cike suke da ƙauyukan Sabiyawa da mutanensu suke aiki a Ostiriya da Jamus, suna dawowa sau ɗaya a shekara, kuma ba a ji an share su da irin wannan yawa ba. Dokar da aka rubuta domin kowa, idan aka zaɓi inda za a tsananta ta da inda za a kau da kai, ta daina zama doka ɗaya.

Na taɓa kwashe wannan labari na faɗa wa wani kawuna a unguwar Birni, dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fatauci tsakanin nan da Kano. Muna zaune a tabarma a ƙofar gidansa bayan La'asar, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ɗana, ai da haka ake yi a nan, da ni ma an share ni tun kafin a haife ka. Wanda ya tafi ci-rani gida ya tafi nema wa, ba barinsa ya yi ba. Ka je Kance ko Matamaye ko Magarya bayan an gama girbi, ka bi gida-gida ka gani, magidanta nawa za ka tarar?" Na ce, "Gaskiya ne, Kawu." Ya ƙara da cewa ko da ya yi wata bakwai a Kano, mai unguwa bai taɓa cire sunansa daga takardar haraji ba, kuma babu wanda ya taɓa shakkar cewa shi mutumin Birni ne. Maganarsa ta fayyace mini zaluncin da ke cikin lamarin fiye da duk rahotannin da na karanta. Talauci ne yake fitar da mutum daga garinsu zuwa Legas ko Agadas ko Aljeriya, kuma hukumar da ta kasa samar masa da abin yi a gida ba ta da bakin da za ta hukunta shi a kan fitar da ya yi.

Haka kuwa lamarin yake a kwarin, domin fitar da mutane suke yi tana da dalilai da hukuma take da hannu a cikinsu. Gundumomin uku suna cikin mafi koma baya a Sabiya, duk da cewa babbar hanyar mota da ta tashi daga Belgired zuwa Skopiye har tashar ruwan Tasalonika ta ratsa ta Buyanovats da Preshevo. Masana'antun zamanin Yugoslabiya sun durƙushe, masu zuba jari kuma sun fi tsayawa a Vranye da Leskovats da Nish. Gidaje masu yawa suna rayuwa ne da kuɗin da ƴan uwa suke aikowa daga Suwizalan da Jamus da Ostiriya, kuma da aka ɗage wa ƴan Sabiya biza ta shiga Turai a watan Disamba na 2009, motocin safa sun yi ta kwasar mutane daga kwarin zuwa Beljiyam da Jamus neman mafaka. Ko ɗakin haihuwa sai a 2015 aka sake buɗewa a Preshevo, bayan shekaru masu yawa da mata suka yi suna tafiya Vranye ko su tsallaka Kosovo idan naƙuda ta kama su.

Matsalar takardun shaidar karatu ita ce ta fi cin matasa. Yaron da ya yi firamare da sakandare da harshen Albaniya, wanda doka ta ba shi damar yin hakan, mafi sauƙi a gare shi shi ne ya wuce jami'a a Prishtina ko Jilan, tafiyar da ba ta da nisa. Idan ya gama ya dawo da takardar da take ɗauke da hatimin Jamhuriyar Kosovo, sai Sabiya ta ce ba ta san wannan jamhuriya ba, saboda haka ba ta san takardar ba. Likita ne ko lauya ko malamin makaranta, ba zai samu aikin gwamnati a garinsu ba. An cimma matsaya kan wannan batu a tattaunawar Sabiya da Kosovo a Birasel, hedikwatar Tarayyar Turai, a 2011, aka sabunta ta a 2016, amma waɗanda suka ci moriyarta ƙalilan ne. Duk wanda yake da ɗan'uwa da ya yi karatu a Najeriya ko Sudan ko Masar, ya dawo yana zarya tsakanin ofisoshi domin a daidaita masa takardarsa, ya san ɗacin wannan jira, sai dai namu yakan zo ƙarshe, nasu kuwa a ɗaure yake da rigimar ƙasashe biyu da ba shi da iko a kanta. Daga nan sai a ce babu ƙwararrun Albaniyawa da za a ɗauka a kotu ko kwastan ko asibiti, alhali sashe na 77 na kundin tsarin mulkin 2006 ya ce a yi la'akari da ƙabilun yanki wajen ɗaukar ma'aikata. Matashin ya gaji ya koma Prishtina neman aiki, ɗan sanda ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa bai same shi ba, a dakatar da adireshinsa. Kowace matsala tana haifar da ta gaba.

Adalci ne in faɗi cewa ba komai ne ya tsaya cik ba. Harshen Albaniya yana da matsayin harshen hukuma a gundumomin uku, domin dokar Sabiya ta wajabta hakan a duk inda ƴan tsiraru suka kai kashi 15 cikin 100. Akwai Majalisar Al'ummar Albaniyawa da aka fara zaɓa a 2010 domin kula da ilimi da al'adu da harshe, an kuma buɗe reshen tsangayar tattalin arziki a Buyanovats a 2011 inda ake koyarwa da harsuna biyu. Littattafan makaranta, waɗanda aka daɗe ana kokawa da rashinsu har aka taɓa tsare wasu da aka aiko daga Kosovo a hannun kwastan na tsawon watanni, an samu ci gaba wajen fassara su da buga su. A lardin Voivodina da ke arewa harsuna shida ne suke aiki a hukumance, kuma Hungariyawan can suna cin moriyar dokokin sosai. Wannan yana nuna cewa Sabiya ta san yadda ake kyautata wa ƴan tsiraru idan ta so. Abin da ya bambanta Albaniyawa shi ne ana kallonsu ta fuskar Kosovo, ana ɗaukar su a matsayin abin tsoro kafin a ɗauke su a matsayin ƴan ƙasa.

Tsallaken iyaka kaɗan, a Masedoniya ta Arewa, labarin ya bi wata hanya dabam. A can Albaniyawa sun kai kashi 24 cikin 100 na mazauna ƙasar bisa ƙidayar 2021. Su ma sun sha wuya a shekarun 1990. Da suka kafa jami'arsu a Tetovo a ƙarshen 1994, gwamnati ta haramta ta, kuma an kashe mutum ɗaya a arangama da ƴan sanda a farkon 1995. A 1997 an zubar da jini a Gostivar a kan kafa tutar Albaniya a ofishin magajin gari, aka ɗaure magajin garin, Rufi Osmani. A 2001 aka gwabza faɗa na wasu watanni, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Ohrid ranar 13 ga Agusta. Abin da ya burge ni a wannan yarjejeniya shi ne ba ta tsaya ga kyawawan kalmomi ba, ta saka ma'auni da za a iya dubawa. Duk harshen da kashi 20 cikin 100 na jama'a suke magana da shi ya samu matsayin hukuma, an ƙara wa gundumomi iko, an buɗe ƙofar aikin ɗan sanda da na gwamnati, kuma dokar da ta shafi harshe ko al'ada ko ilimi ba ta wucewa a majalisa sai ta samu rinjaye biyu, na majalisa duka da na wakilan ƴan tsiraru. A 2004 aka amince da jami'ar Tetovo, a 2019 aka faɗaɗa amfani da harshen Albaniya zuwa hukumomin ƙasa baki ɗaya, kuma a farkon 2024 Talat Jaferi ya zama Ba'albaniye na farko da ya riƙe muƙamin firaminista, ko da yake na riƙon ƙwarya ne. Ba a rasa ƙorafi ba: ana zargin jam'iyyu da mayar da rabon aiki hanyar saka wa magoya baya, yara kuma suna tashi a makarantu dabam-dabam ba su san juna ba. Duk da haka ƙasar ba ta rabe ba kamar yadda masu adawa da yarjejeniyar suka yi hasashe. Abin baƙin ciki shi ne sai da aka rasa rayuka kafin a ba da abin da aka yi shekara goma ana roƙo cikin lumana, kuma yawan Albaniyawan can ne ya tilasta a saurare su, abin da ƴan kwarin Preshevo ba su da shi.

A Montenegiro Albaniyawa kusan kashi 5 cikin 100 ne, a garuruwa irin su Ulcin da Tuzi, kuma ɗaya daga cikinsu, Dritan Abazovic, ya yi firaminista daga 2022 zuwa 2023. A Girka kuwa Musulmin Albaniyawa na yankin Chameriya an kore su ne a 1944 da 1945 bisa zargin haɗa kai da sojojin mamaya, kuma har yau Atina tana cewa babu wata magana da ta rage a kan gidaje da gonakin da suka bari. A kudancin Italiya akwai ƙauyukan da suka riƙe harshen tun ƙarni na 15, dokar 1999 kuma ta ba su kariya.

Akwai wani kuskure da nake jin tsoron mu faɗa cikinsa, wato mu ɗauki lamarin a matsayin Kirista yana zaluntar Musulmi kawai, mu tsaya a nan. Gaskiya ne mafi yawan Albaniyawan kwarin Musulmi ne, kuma wannan yana ƙara mana jin zafinsu, amma Albaniyawa sun haɗa da Katolika da mabiya cocin Otodoks, kuma abin da suke nema haƙƙi ne na harshe da aiki da takarda. Haka nan a Kosovo, wadda ta yi shelar ƴancinta ranar 17 ga Fabrairu 2008 kuma Nijar ta amince da ita a 2011, Albaniyawa ne masu rinjaye, Sabiyawa kuma su ne ƴan tsiraru masu nasu tsoron. A tarzomar watan Maris na 2004 an kashe mutum 19, an ƙona coci-coci da gidajen Sabiyawa masu yawa. Kundin tsarin mulkin Kosovo ya keɓe musu kujeru 10 a majalisa mai kujeru 120, abin da ƴan kwarin suke nunawa suna cewa su ma a yi musu kwatankwacinsa, amma kujeru ba su hana Sabiyawa da yawa tattara kayansu su tafi ba. Wanda yake kuka a wannan gefen iyaka yana iya zama wanda ake kuka da shi a wancan gefe.

Wannan ne ya sa nake ganin mu Hausawan Nijar bai kamata mu karanta labarin nan muna sa kanmu a matsayin mutumin da aka share sunansa kawai ba. Matsayinmu ya fi kusa da na ma'aikacin da yake zaune a bayan tebur. Mu ne masu rinjaye a ƙasar nan, kuma kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Na yi farin ciki da wannan mataki, musamman da yake a nan Zinder ne aka fara gwajin koyar da yara da harshen gida tun 1973. Ba ina cewa halin da ake ciki a nan daidai yake da na Sabiya ba, domin babu wata doka da take farautar wata ƙabila a ƙasarmu, kuma auratayya da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu sun ɗinke mu ta hanyar da mutanen Balkan ba su samu ba. Amma jihar Damagaram ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Akwai Barebari a Gure, waɗanda gidan sarautar Damagaram kansa yake da tushe a cikinsu, akwai Buzaye a Tanut, akwai Tubawa a Tasker, akwai Fulani a ko'ina. Matar da ta zo asibiti daga ruga ba ta jin Hausa sosai kuma ba ta jin Faransanci, da makiyayin da aka haifa a daji bai taɓa mallakar takardar haihuwa ba, da yaron da aka hana shi zana jarrabawa saboda rashin wannan takarda, duk suna iya ɓacewa daga lissafin hukuma ba tare da wani ya yi niyyar cutar da su ba. Mai rinjaye ba ya jin nauyin rinjayensa, saboda duk ofishin da ya shiga da harshensa ake amsa masa.

A 2024 Albaniyawan kwarin sun fito zanga-zangar lumana a Buyanovats, sannan a Preshevo, sannan a Medveja, suna ɗauke da kwalaye a kan dakatar da adireshi da ƙin amincewa da takardun karatu da rashin aiki a ma'aikatun gwamnati. A majalisar Sabiya mai kujeru 250, zaɓen Disamba na 2023 ya bar su da wakili guda, Shaip Kamberi, wanda yake ta maimaita waɗannan koke-koke a zauren da ba a cika son jin su ba. Sabiya tana neman shiga Tarayyar Turai, ta samu matsayin ƴar takara a 2012, kuma tun 2016 aka buɗe babi na 23 na tattaunawar, wanda ya ƙunshi shari'a da haƙƙin ƴan tsiraru, saboda haka Birasel tana da hanyar matsa lamba idan ta ga dama. A ganina abin da ya kamata a fara da shi ba shi da wuya kuma ba ya bukatar a warware rigimar Kosovo tukuna. Ma'aikatar cikin gida ta wallafa adadin adireshin da aka dakatar a kowace gunduma shekara bayan shekara, domin kowa ya kwatanta Medveja da maƙwabtanta na Sabiyawa. A daina dakatar da adireshin kowa sai an miƙa masa hukuncin a rubuce, da harshen da yake karantawa, an kuma ba shi isasshen lokacin ɗaukaka ƙara. Waɗanda aka riga aka share kuwa, duk wanda ya nuna gida ko gona ko rasidin haraji a gundumar, a mayar da sunansa cikin rajista kafin zaɓe na gaba.